Wasiƙa: Shekarar horon malanta a Ingila, a aji da kuma a gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da ƙannenmu da ɗalibanmu na nan Zariya da kewaye, masu digirin koyarwa ko PGDE, waɗanda ke haramar tafiya Ingila horon malanta. Tun da aka ji makarantun can suna ƙarancin malaman lissafi da kimiyya, zancen ya cika majalisu daga Samaru har Gyallesu, dillalan biza kuma kasuwarsu ta buɗe. Dillali albashin bayan horo yake lissafa wa mutum. Shekarar horon kanta, wadda ba a biyan ko sisin albashi a cikinta, ba ya taɓa ta, alhali a cikinta ne mutane ke durƙushewa, wasu a aji, wasu a gida.

Kwas ɗin da aka fi nema shi ne PGCE, takwarar PGDE a wurinsu, wanda ake farawa a Satumba a gama a Yuni ko Yuli. Amma shaidar da yawancin makarantun gwamnati ke nema kafin su ɗauki malami ita ce QTS, takwarar rajistar TRCN a wurinmu. Akwai PGCE da ba ya zuwa da QTS, don haka mai nema ya duba takardar gurbin da aka ba shi ya ga sunayen biyu a rubuce kafin ya biya ko kwabo. Ana neman digiri, da sakamakon Turanci da lissafi daidai da mataki na 4 a jarrabawarsu ta GCSE, mai son firamare kuma a ƙara masa da kimiyya. Hukumar UK ENIC ce ke ba da takardar da ke auna WAEC ko NECO da digirinmu da nasu, jami'a kuma ita ke da maganar ƙarshe. Da yawa suna neman maki 6.5 a jarrabawar Turanci ta IELTS. Sai takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi, da gwajin tarin fuka a asibitin da ofishin bizarsu ya amince da shi a Abuja ko Legas. Takardar gwajin wata shida take yi, wanda ya yi garaje ya yi shi da wuri zai sake biya.

Abin da ya fi tsayar da takardun mutanenmu ƙarami ne: suna. WAEC ta rubuta Muh'd, digiri ya rubuta Mohammed, fasfo ya rubuta Muhammad, a wata takardar kuma sunan gari ya zama sunan mahaifi. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, a wurinsu mutum uku ne. A je kotu a yi rantsuwa, a daidaita fasfo da NIN, tun kafin a fara cike fom.

Sai kuɗi. Kuɗin makaranta ga baƙo ya haura fam 15,000 a jami'o'i da dama. Bayan shi, a Janairun 2025 ofishin biza ya nemi ɗalibi ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara idan a wajen Landan zai zauna, wato fam 10,224, ko fam 1,483 a wata idan a Landan ne. Adadin yana hawa lokaci zuwa lokaci, don haka a karanta shafin gwamnatinsu a makon da za a nema. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. A nan ake yawan faɗuwa: kuɗin a naira suke, canji ya motsa, abin da ya isa ranar Litinin ya gaza ranar Alhamis. A ɗora wani abu a sama saboda haka. Akwai kuma kuɗin lafiya, fam 776 a shekara ga ɗalibi tun Fabrairun 2024, idan bizar ta ɗara shekara da 'yan watanni a ƙara rabin hakan. Wanda ya tuna yadda fam ya haura naira 2,000 a 2024, da yadda wasu ɗaliban Najeriya a garin Middlesbrough suka kasa cika kuɗin makaranta a shekarar har aka nemi su bar ƙasar, ba zai tafi da lissafin "sauran zan biya in na isa" ba.

Tallafi akwai shi, amma ƙofarsa ƙunci gare ta. A zangon 2025/2026, Fiziks da harsunan waje ne darussan da aka buɗe wa baƙo ƙofar tallafin gwamnatinsu a kansu. Na Fiziks ya kai fam 29,000 a zangon, kuma wata-wata ake biyan sa bayan an fara karatu, ba ya zuwa kafin tafiya.

Dillalai na cewa biza ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako. Gaskiya ne a takarda. Sai dai ɗalibin malanta ba irin ɗalibin digiri na biyu ba ne mai lacca kwana biyu a mako. Ƙa'ida ita ce ya yi aƙalla kwana 120 a cikin makarantu, a makarantu biyu daban, daga safe zuwa yamma kamar kowane malami. Ya isa kafin ƙarfe 8, yara su tashi wajen 3 da kwata, shi ya tsaya taro ko gyaran littattafai zuwa 5, da dare ya shirya darasin gobe, ranar Asabar ya rubuta aikin jami'a. Wanda ya ƙara da aikin dare a gidan kula da tsofaffi ko rumbun kaya, cikin 'yan makonni za a gani a ajinsa: darasi ba shiri, makara, gyangyaɗi a taro. Shawararmu ita ce a ɗauka cewa babu kuɗin shiga ko kaɗan a wannan shekara in ban da 'yan makonnin hutu.

Yanzu ga maganar iyali, wadda ita ce ta fi sa mu rubuto. Daga 1 ga Janairun 2024 ɗalibin da ya je kwas irin PGCE ba shi da ikon ɗaukar mata ko miji ko 'ya'ya. An keɓe masu digirin bincike irin PhD, da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas da ya wuce wata shida. Duk wanda ya ce maka yana da hanya ban da waɗannan, kuɗinka yake so. Bizar da ake samu bayan kammala karatu ma ba ta buɗe ƙofar kawo iyalin da ba su kasance tare da kai ba tun a bizar ɗalibi. Ƙofar tana buɗewa ne idan wata makaranta ta ɗauke ka aiki ta tsaya maka a bizar ma'aikata. Ke nan magidanci ya sa a ransa cewa zai yi shekara guda, wataƙila fiye, shi kaɗai. Wannan magana ce da za a zauna a yi ta da matar da iyayenta da nasa tun kafin a sayi tikiti: a ina za ta zauna, gidansu ko ɗakinta, wa zai riƙa biyan kuɗin makarantar yara da na asibiti, nawa aka ajiye kuma a hannun wa. Kada a gina cefanen gida a kan abin da za a turo daga can. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya sani dokarsu mata ɗaya take karɓa, kuma yaro ba ya samun biza cikin sauƙi idan mahaifiyarsa tana gida, sai an tabbatar da cewa uban ne kaɗai ke da alhakinsa. Takardar aure ta kotu ko rajista da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a tanade su tun yanzu.

A aji, ilimin darasi ba shi ne matsalar ɗalibanmu ba. Wanda ya fito daga ABU ko tsohuwar FCE da Fiziks ko lissafi ya san abin da zai koyar. Matsalar ita ce riƙe aji. Wanda ya yi gwajin koyarwa (TP) a Tudun Wada ko Sabon Gari a gaban yara tamanin ko ɗari zai ga talatin ya ce wannan ai hutu ne. Amma su tamanin ɗin tsoron bulala da kunyar babba ne suka zaunar da su. A Ingila an hana dukan ɗalibi a makarantun gwamnati tun dokar 1986, masu zaman kansu kuma suka bi a ƙarshen shekarun 1990. Ba duka kaɗai ba: jan kunne, ranƙwashi, sa yaro durƙuso ko kamun kunne, zagi, kiran yaro daƙiƙi a gaban 'yan'uwansa, kowanne na iya kawo ƙarshen horon mutum a ranar. Abin da ke hannun malami shi ne tsarin ladabtarwa na makarantar, a rubuce, mataki-mataki: gargaɗi na farko, na biyu, fitar da yaro zuwa wani ɗaki, tsare shi bayan an tashi, kiran iyaye. A haddace shi a makon farko, a kuma bi shi daidai a kan kowa. Yaran can suna gwada sabon malami ne su ga ko zai cika abin da ya ce. Wanda ya yi gargaɗi sau biyar bai ɗauki mataki ba, aji ya fita daga hannunsa, kuma ɗaga murya ba ya dawo da shi.

Abubuwan da ke aiki ba su da wuya, naci suke so. Ka tsaya a bakin ƙofa lokacin da suke shigowa. Su tarar da ɗan aiki na minti biyar a allo. Kai za ka tsara inda kowa zai zauna, takardar tana hannunka, ka haddace sunaye cikin mako biyu, domin "kai, na baya can" ba ya tsayar da kowa. Ka rage saurin magana, ka rubuta muhimman kalmomi a allo. Za su yi dariyar lafazinka a kwanakin farko, kai ma za ka sha wuyar jin nasu, musamman a Liverpool ko Newcastle, duka biyun suna wucewa.

Salon koyarwar ma daban ne. Cika allo da rubutu yara su kwafa, sannan a ce "kun gane?" su amsa baki ɗaya, ba a lissafa shi a matsayin koyarwa. Malamin da aka ɗora ya kula da kai zai zauna a bayan aji da takarda, abin da yake nema shi ne shaida: ta yaya ka san wancan yaron na lungu ya gane? Shi ya sa ake raba ƙananan alluna kowa ya rubuta amsa ya ɗaga, ake jefa tambaya ga wanda bai ɗaga hannu ba, ake yin bayani na minti goma sannan su gwada da kansu. A kusan kowane aji akwai yara masu buƙata ta musamman, mai wahalar karatu, mai galahanga, wanda bai daɗe da fara jin Turanci ba, kuma ana sa ran tsarin darasinka ya nuna abin da ka tanadar musu. Mai koyar da ƙananan firamare sai ya sake koyon sautukan haruffa yadda suke furta su, domin da su ake koyar da karatu, akwai ma gwajin ƙasa a kansu a watan Yuni ga 'yan aji ɗaya. Ana farawa da kallo, sannan darasi ɗaya ko biyu, a zangon ƙarshe wasu kwasa-kwasan kan kai mutum kusan kashi 80 cikin 100 na jadawalin cikakken malami.

Wani tarko shi ne yadda suke gyara. Bature ba kasafai yake ce maka ka yi kuskure ba. Zai ce darasin ya yi kyau, amma wataƙila za ka so ka sake duba abu kaza. Ɗalibinmu ya ji yabo ya tafi, alhali umarni aka ba shi. Mako uku ana maimaita masa, sai ya ga an miƙo masa takardar nuna damuwa a kan ci gabansa, wadda daga ita sai cirewa idan ba a ga sauyi ba. Duk abin da aka ambata bayan "amma", a rubuta shi, a aikata shi a darasi na gaba. Haka kuma kawaicinmu na iya cutar da mu: shiru da sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne a Zazzau, a can ana fassara shi da rashin damuwa ko ɓoye wani abu. In ba ka gane ba, ka tambaya. In aji ya gagare ka, ka faɗa da wuri.

Kare yara kuwa ba a wasa da shi ko kaɗan. Kafin ka taka aji sai an yi maka binciken DBS, wato duba ko kana da tarihin laifi, kuma kowace makaranta tana da jami'in da aka naɗa kan kare yara. Kada ka keɓe da ɗalibi a ɗaki a rufe. Kada ka ba shi lambarka, ko ka karɓi abotarsa a Facebook ko WhatsApp, ko ka ɗauki hotonsa da wayarka, ko ka rage masa hanya, ko ka ba shi kyautar kuɗi. A wurinmu wasu daga cikin waɗannan kirki ne, a can abin tuhuma ne. Idan yaro ya faɗa maka ana cutar da shi, kada ka yi masa alƙawarin rufa asiri, kada ka tsananta tambaya, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su ka kai wa jami'in a ranar. Ba a zuwa gidan iyaye sasanci.

Salla tana son shiri. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka Azahar da La'asar suna faɗowa cikin lokacin aiki, Magariba kuma ta riske ka kafin ka bar makaranta. Hutun abincin rana bai cika wuce minti 30 zuwa 50 ba, wani lokacin ma kana da aikin tsaron fili. Ka nemi ɗan ɗakin salla tun ranar farko, yawancin makarantu suna bayarwa. Juma'a kuwa ka tayar da maganarta kafin a fitar da jadawali, ba bayan an fitar ba, haka ma ranar Sallah. Wanda ba ya musabaha da mata, ko wadda ba ta yi da maza, a ɗora hannu a ƙirji a yi bayani a taƙaice da fara'a. A watan Yuni lamarin ya juye, Magariba sai bayan ƙarfe 9 na dare. Agogonsu ma yana sauyawa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba: da bazararsu lokacinmu ɗaya, da sanyi muna gabansu da awa guda. Mai kiran yaransa a Zariya kafin su kwanta ya lura da wannan.

Waɗanda ke horon da iyali a tare, galibi matar likita ko mijin ma'aikaciyar jinya ko wanda gwamnati ta tura, nasu nauyin daban ne. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaransu, ta hannun ƙaramar hukuma ake neman gurbi, kuma sai da shaidar adireshi. Shekarun haihuwa ke yanke aji, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, ba a duba cewa yaro ya tsallake aji a gida. A tafi da katin rigakafi. Matsalar da ba a hangowa ita ce ƙarfe 3 na yamma: yaranka sun tashi, kai kana wata makarantar da tafiyar awa guda a bas, domin jami'a ce ke zaɓar inda za a tura ka. Babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a ce ta duba su. Makarantar firamare ba ta sakin ƙaramin yaro sai ga wanda aka rubuta sunansa. Wurin ajiye yara kafin aji da bayan an tashi biya ake yi. 'Yan shekara 3 da 4 suna da awa 15 a mako kyauta, amma ƙarin awannin da ake bai wa ma'aikata ba ya isa ga mai bizar da ta hana shi tallafin gwamnati. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko a hannun yayarsu 'yar shekara tara, yana iya jawo jami'an walwalar yara. Haka ma duka: Scotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila kuma duk dukan da ya bar shaida a jiki laifi ne. Yaro ya ambata a makaranta, dole malaminsa ya kai rahoto, kuma uban da ake bincika a gida da wuya ya ci gaba da tsayawa a gaban aji. Cire yara a tsakiyar zango don zuwa biki a gida ma akwai tara, fam 80 a kan kowane yaro ga kowane ɗaya daga iyaye tun Agustan 2024, ta ninka idan aka wuce kwana 21.

A tambayi makaranta game da naman halal, a duba alawa da kayan zaƙi saboda sinadarin jelatin na alade. Iyaye suna da ikon cire yaro daga darasin addini da na ilimin jima'i, amma darasin zamantakewa wajibi ne tun Satumban 2020. A nemi ganin abin da ake koyarwa, doka ta ba da wannan dama, ya fi dogaro da abin da ake yaɗawa a waya. Hausa kuwa tana zubewa daga bakin ƙaramin yaro da sauri, domin yininsa duka da Turanci yake yi. Gidan da iyaye suka riƙe Hausa zalla, ko da yaro ya amsa da Turanci, shi ne yaransa ke iya gaida kakanninsu in an dawo. Islamiyyar yamma ana samun ta a masallatai, da kuɗi, yawanci daga 5 zuwa 7.

Gida: doka ta taƙaita kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa zuwa hayar mako biyar, amma baƙo marar wanda zai tsaya masa yakan sha wuya kafin a ba shi. Ba a tura kuɗi kan gidan da ba a gani ba. Cikakken ɗalibi ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, sai dai ya karɓo takarda daga jami'a ya kai, in ba haka ba takardar biya za ta iso. Sanyinsu ba irin hunturun Zariya mai bushewa ba ne, mai danshi ne. Wanda ya rufe tagogi ruf, ya kashe hita don tsimi, ya shanya wanki a ɗaki, zai ga baƙar fumfuna a bango da tari a ƙirjin yara. A buɗe taga na ɗan lokaci kullum. Hukumar lafiyarsu tana ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, duk shekara. A yi rajista da likitan unguwa a makon farko, ba sai ciwo ya zo ba.

Wanda ya samu QTS ma da saura: akwai shekara biyu na sabon malami a ƙarƙashin kulawa, albashin farawa a wajen Landan fam 31,650 ne a shekara a zangon 2024/2025 kafin a cire haraji da fansho, kuma ba kowace makaranta ke da lasisin tsaya wa baƙo ba. Neman aiki yana kankama tun daga Janairu, ana tsakiyar horo. Ga wanda lissafin nan bai fitar masa ba, tun 2022 akwai iQTS, wato horon QTS na ƙasa da ƙasa, wanda cibiyoyin horo na Ingila ke gudanarwa ta intanet yayin da mutum ke koyarwa a wata makaranta a ƙasarsa, in makarantar ta cika sharuɗɗansu ta kuma ba shi malamin da zai kula da shi. Muna roƙon sassan koyar da malanta na Samaru da Gyallesu su riƙa zama da ɗaliban ajin ƙarshe a kan waɗannan alƙaluma sau ɗaya a shekara, da kalkuleta a hannu, tare da matansu ko mazajensu.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naka,
Wasu malaman horar da malamai,
Zariya, Jihar Kaduna.